Yadda Magidanci Zai Shawo Kan Yawan Tashi Fitsari Da Dare

Wani kawuna ya shafe kusan shekara 2 bai yi barcin awa uku a jere ba. Sha biyu ya tashi, ƙarfe biyu ya tashi, uku da rabi ya tashi, kafin barci ya sake ɗaukarsa ladan ya kira assalatu. Ba wanda ya faɗa wa. Matarsa kaɗai ta sani, don ita ke jin ƙarar ƙyaure da ta buta. Da rana sai gyangyaɗi a shago, ga saurin fushin da ba a san shi da shi ba. Ya sha jiƙon sanyi iri-iri, ya sha na basir, har ranar da santsi ya kwashe shi a bakin banɗaki cikin duhu, goshi ya fashe. A wurin ɗinki ne likita ta tambaye shi abin da ya fito da shi a talatainin dare. Da aka bi diddigi, ba sanyi ba ne, ba kuma furostet ɗin da kowa ke tsoro ba, wato 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ƙwayar hawan jinin da yake sha bayan isha'i ce, ga kuma kofi biyu na shayi da yake kurɓa a majalisa kafin ya shigo gida.

Tun daga lokacin na fahimci cewa yawan fitsarin dare alama ce, kuma abubuwan da ke jawo ta ba su da alaƙa da juna. Maganin wani guba ne ga wani. Shi ya sa aikin farko ba neman magani ba ne, gano ta wace ƙofa matsalar ta shigo ne, kuma rabin wannan aikin a gida ake yinsa, ba tare da an kashe ko sisi ba.

Tashi sau ɗaya a dare, musamman ga wanda ya haura 60, ba abin tayar da hankali ba ne idan yana komawa barci nan take. Daga sau biyu zuwa sama ne barci ke lalacewa, kuma a nan ya kamata mutum ya motsa.

Mataki na farko: duba ko naka na gaggawa ne

Akwai alamomin da ba a zaman gwaji a gida da su. Idan fitsari ya riƙe gaba ɗaya, mara ta kumbura tana ciwo, a tafi asibiti a daren, a sa robar fitsari. Jiran gari ya waye na iya taɓa ƙoda. Haka idan akwai jini a fitsari ko da sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, ko zazzaɓi da rawar ɗari tare da ciwon kwiɓi, ko rama ba dalili, ko ciwon ƙashin baya da na ƙugu da ba ya barin mutum ya kwanta, ko ƙafafu su yi rauni ko su mutu tare da canjin fitsari. Babban mutum da ya fara jiƙa shimfiɗa cikin barci bai sani ba, shi ma ya je da wuri, domin sau da yawa mafitsara ce ta cika maƙil take ambaliya. Wanda ke da ƙishirwa mai tsanani, yana sha yana fitsari dare da rana, ya auna suga gobe da safe.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai a wuce gaba.

Mataki na biyu: auna fitsarinka na kwana uku

Nan ne mafi yawan maza ke noƙewa, kuma nan ne amfanin yake. Likitocin mafitsara a ko'ina da wannan awon suke farawa, domin abin da mutum ke tunawa da ka ba ya zama daidai. Wanda ya ce "ai cika fo nake yi" sai a auna a ga ɗan kaɗan ne sau da yawa, wani kuma akasin haka.

Ka sayi jug na roba mai lambobin awo a jikinsa a wurin masu sayar da robobi, ka ware shi don wannan aikin kaɗai, ya zauna a banɗaki, ana ɗauraye shi bayan kowane amfani. Idan ba ka samu ba, yanke kan babbar robar ruwa ta lita ɗaya da rabi. Zuba mata ledar fiya wata guda mai santilita 50, ka ja layi da maka a inda ruwan ya tsaya, wannan mililita 500 ke nan. Ƙara wata ledar ka ja layin 1,000, sannan ka raba tsakanin layukan gida biyar-biyar da ido. Ba sai ya zama daidai wa daida ba.

Sai takarda da biro. Kowace rana ka rubuta abu huɗu: lokacin da ka yi fitsari da yawansa, lokacin da ka sha wani abu da yawansa da ko mene ne, lokacin da ka kwanta, da lokacin da ka tashi tashin safe. Abin sha ya haɗa da kunu, koko, fura, shayi, lemo, har da kankana idan ka ci da yawa. Ka rubuta lokacin shan kowace ƙwayar magani a gefe. Kada ka canza komai a ɗabi'arka cikin kwanakin nan uku, don kana son ganin gaskiyar yadda kake ne. Ka zaɓi kwanakin da za ka wuni kusa da gida, ba sai sun zo a jere ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya a lissafin da ake yawan kuskurewa. Fitsarin da ka yi dab da kwanciya na rana ne. Fitsarin farko na safe kuwa na dare ne, domin ƙoda cikin dare ta tara shi. Saboda haka fitsarin dare shi ne duk wanda ka tashi ka yi bayan ka kwanta, haɗe da na farkon safiya.

Mataki na uku: karanta takardar

Haɗa jimillar awa 24, ka haɗa ta dare daban, ka kuma duba mafi yawan abin da ka taɓa yi a tsugunawa ɗaya. Waɗannan lambobi uku za su jefa ka ɗaya daga cikin gidaje huɗu.

Gida na farko: jimillar yini da dare ta haura lita 3. Wannan ba laifin mafitsara ba ne, ruwa ne ya yi yawa a jiki ko ƙoda ke zubar da shi. Ko dai kana shan ruwa fiye da kima, ko suga ya hau, ko wata ƙwaya ce. Masu sikila ma ƙodarsu kan kasa tattara fitsari ya yi kauri, sai ya riƙa zuwa da yawa; su ba a ce musu su rage ruwa, rashin ruwa ke tayar musu da ciwo.

Gida na biyu, kuma shi ya fi yawa a dattawa: jimillar ba ta wuce kima ba, amma na dare ya haura kashi ɗaya cikin uku. Misali mutum ya yi mililita 1,800 a awa 24, 800 daga ciki da dare. Wannan ya kusa rabi. Ga matashi, ko kashi ɗaya cikin biyar aka haura ya yi yawa. A ƙa'ida, da dare ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari da ke umartar ƙoda ta rage aiki, shi ya sa saurayi ke barcin awa takwas bai motsa ba. Da shekaru suka ja, sinadarin kan ragu. Gishiri, kumburin ƙafa, ciwon zuciya, ɗaukewar numfashi cikin barci da shan ruwa da dare duk a wannan gidan suke. Mutumin da ke nan ko an yi masa aikin furostet zai ci gaba da tashi, kuma na ga waɗanda suka kashe kuɗi mai yawa kafin su gane haka.

Gida na uku: kana tashi sau uku ko huɗu, amma kowane zuwa mililita 100 ne ko 150. Lafiyayyar mafitsara na riƙe kamar 300 zuwa 500, wato kusan ledar fiya wata guda. Idan taka ba ta kai rabin haka take tashinka, to ko dai ta zama mai saurin harzuƙa, ko ba ta juyewa duka, ko wani abu na sosa ta. A nan furostet ke shigowa. Wata 'yar tsoka ce mai girman ƙaramin goro da ke zaune ƙarƙashin mafitsara, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta. Tana girma da shekaru: kusan rabin mazan da ke tsakanin 51 da 60 tasu ta ƙaru, a waɗanda suka haura 80 kuwa har kusan 9 cikin 10. Idan ta matse bututun, sai ka ga fitsari na jinkirin fitowa, ba ƙarfi, yana yankewa, sai an yi nishi, an gama kuma ana jin saura. Wannan girman ba ciwon daji (kansa) ba ne. Amma ba furostet kaɗai ke wannan gidan ba. Akwai ƙwayoyin cuta a mafitsara, akwai tsakuwa, akwai ƙuncin bututu da tsohon ciwon sanyin da ba a yi wa magani da kyau ba ke bari, akwai kuma tsargiya ga wanda ya taso yana wanka a dam ko kududdufi, ko yake noman shinkafa da na rani ƙafa cikin ruwa. Tsargiyar da ta daɗe tana sa bangon mafitsara ya yi tauri ya daina buɗewa.

Gida na huɗu: ba fitsari ke tashinka ba. Sauro, zafi, ciwon gwiwa, tunanin bashi ko kukan janareta ne ya farkar da kai, da ka farka sai ka ce bari in rage mara. Alamarsa ita ce fitsarin kaɗan ne kuma babu matsi. Tambayi kanka tsakani da Allah: matsuwa ce ta tashe ni, ko na riga na farka?

Mutum na iya zama a gida biyu lokaci guda, dattawa da yawa haka suke.

Mataki na huɗu: gyara lokacin sha, ba yawan sha ba

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ya daina shan ruwa gaba ɗaya don gudun tashi. A zafin Maris zuwa Mayu wannan ganganci ne. Fitsari zai yi kauri ya ƙara sosa mafitsara, ga tsakuwar ƙoda, ga bushewar ciki. Abin da ake so shi ne a dawo da shan baya: ka sha mafi yawan ruwanka daga safe zuwa la'asar, ka rage daga magariba, sannan awa biyu zuwa uku kafin kwanciya ka tsaya a kurɓin da zai jiƙa maƙogwaro ko ya haɗiye magani. Ma'auni mai sauƙi shi ne launin fitsarin rana: ruwan ɗorawa mai haske ya yi, idan ya koma kamar shayi ruwa ya yi kaɗan.

Ka duba abincin darenka da idon basira. Wanda ya ci tuwo ya kora da kwanon fura, ko ya sha kunun tsamiya ko koko ƙarfe tara, ya zuba wa cikinsa rabin lita ko fiye bai lissafa shi a ruwa ba. Kankanar da ake yankawa a bakin titi da daddare kusan duk ruwa ce. Ba a hana ka su ba, mayar da su rana.

Sai shayi, wanda na san nan ne za a yi gardama. Ganyen shayi, Nescafe, Coca-Cola, lemukan ƙara kuzari da goro duk suna ɗauke da sinadarin kafin, mai sa ƙoda ta ƙara fitsari, ya harzuƙa mafitsara, ya kuma sa barci ya yi sama-sama. Yana daɗewa a jiki, bayan awa biyar ko shida kusan rabinsa na nan. Shayin buzaye da ake dafawa a ƙaramar buta har zagaye uku ya fi na teburin mai shayi ƙarfi nesa. Ka gwada sati biyu: ba shayi, ba goro daga azahar. Idan zaman majalisa ba ya yiwuwa hannu wofi, ɗan ƙaramin kofin ruwan citta da kanumfari marar ganyen shayi ya wadatar. Zoɓo ma yana sa fitsari, a sha shi da rana. Giya kuwa tana danne sinadarin nan da ke rage fitsarin dare kai tsaye.

Da azumi lissafin kan rikice, domin duk shan yini ya koma dare. Abin da ya fi shi ne a rarraba: a sha daidai lokacin buɗa baki zuwa tarawi, a sassauta kafin kwanciya, a bar babban kaso zuwa sahur. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a tsara masa lokutan.

Mataki na biyar: gishiri

Mutane kaɗan ke danganta gishiri da fitsarin dare, alhali yana cikin manyan masu laifi. Duk gishirin da ya wuce buƙata sai ƙoda ta fitar da shi, ba ya kuma fita sai da ruwa, ga ƙishirwar da yake jawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, a dukan abincin yini. A 2017 likitocin Jami'ar Nagasaki ta Japan sun ba da rahoton cewa mutanen da suka rage gishiri daga kusan giram 11 zuwa 8 a rana, tashinsu ya sauko daga fiye da sau biyu zuwa kusan sau ɗaya da rabi a dare, ba tare da wata ƙwaya ba.

A girkinmu gishirin ba a ludayi kaɗai yake ba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma tukunya ɗaya kan ci huɗu ko biyar. Yajin da ake barbaɗawa a tuwo, a shinkafa da wake, a tsire da balangu, gishiri da magi ne suka riƙe shi. Kilishi, Indomie da garin ɗanɗanonta, kanwa a miya da ɗanwake, duk lissafi ɗaya ne. Wannan mataki ba ya yiwuwa sai da uwargida. Ka zauna da ita ka faɗa mata dalili, a rage rabin magi, a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta, a ɗauke robar yaji daga kan tabarma da dare. Harshe kan saba cikin 'yan makonni, hawan jini ma ya samu sauƙi.

Mataki na shida: ƙafafu

Da yamma ka danna babban yatsa a ƙaurinka, sama da idon sawu, na daƙiƙa biyar. Idan ya bar rami, ko safa na barin zane mai zurfi, to ruwa na taruwa a ƙafarka da rana. Da ka miƙe a gado ruwan zai koma jini, ƙoda ta tace shi, mafitsara ta cika ƙarfe ɗaya na dare. Direbobin doguwar tafiya, teloli, masu zaman shago da masu gadi sun san wannan.

Dabarar ita ce a sa ruwan ya dawo tun kafin dare. Bayan la'asar ka kwanta rigingine na rabin awa zuwa awa ɗaya, ka ɗora ƙafafu kan matasai biyu ko uku, ko ka jingina su da bango, su ɗara ƙirji tsawo. Zama a kujera da ƙafa kan benci bai isa ba. Tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 kafin magariba ma tana tura ruwan sama. Akwai safar matsi da ake sawa da safe a cire da dare, amma mai suga ko mai matsalar jijiyoyin jinin ƙafa ya tambayi likita kafin ya saya. Idan kumburin ya zo da haki, ko ba ka iya kwanciya sai da matasai da yawa, a duba zuciya da ƙoda.

Mataki na bakwai: juye mafitsara da kyau

Ka yi fitsari lokacin alwalar isha'i, ka sake yi dab da kwanciya ko ba ka ji matsi ba. Kada ka yi gaggawa, kada ka yi nishi. A tsugune ko a zaune ya fi tsaye ga mai furostet. Idan ya tsaya, jira rabin minti, ka ɗan sunkuya gaba, ka sake gwadawa. Sau da yawa wani zai biyo baya, kuma wannan ragowar ce da za ta tashe ka bayan awa ɗaya. Ɗigon da ke biyo baya ya ɓata wando kuwa, istibra'in da aka koya mana tun muna yara shi ne maganinsa: a sa yatsu bayan maraina a matso a hankali zuwa gaba, sau biyu ko uku, ba da ƙarfi ba.

Idan takardarka ta nuna kana gida na uku kuma fitsarin na fita da ƙarfinsa, za ka iya horar da mafitsara da rana. Matsi ya zo, ka tsaya cak, ka matse tsokar da kake riƙe tusa da ita sau biyar a jere, matsin zai lafa, ka ƙara minti biyar ko goma kafin ka tafi. Kowane mako ka ɗan ƙara tazara, har ka kai awa uku tsakanin fitsari da fitsari. Yana ɗaukar wata ɗaya da rabi zuwa uku. Wanda fitsarinsa ke fita da ƙyar kada ya yi wannan sai an duba shi. Ka kuma kula da bayan gida, don hanjin da ya cushe yana danne mafitsara. Zogale, kuka, kuɓewa, wake da gwanda suna sassauta shi.

Mataki na takwas: tambayi mai ɗakinka yadda kake barci

Idan kana minshari mai ƙarfi, numfashi na ɗaukewa sannan ka yi firgigit kamar an shaƙe ka, ka tashi da ciwon kai da bushewar baki, ka wuni kana gyangyaɗi, to akwai yiwuwar maƙogwaro na rufewa cikin barci. Duk lokacin da ƙirji ya yi kokawar jan iska, zuciya kan ɗauka ruwa ya yi mata yawa, sai ta saki sinadarin da ke sa ƙoda zubar da gishiri da ruwa. Masu ƙiba da kaurin wuya da hawan jinin da ya ƙi jin magani su suka fi fama da shi. Rage tumbi da kwanciya ta gefe suna taimakawa, akwai kuma na'urar da ke hura iska ta hanci cikin barci, wadda kan rage tashin sosai ga wanda wannan ne sababinsa.

Mataki na tara: tattara magungunanka ka tafi asibiti da takardar

Idan ka yi wata guda kana bin matakan nan ba canji, ko tun farko takardar ta nuna gida na farko ko na uku, lokacin ganin likita ya yi. Zuba duk abin da kake sha a leda, har da na gargajiya da na kemis. Lasix da Moduretic da duk mai ɗauke da hydrochlorothiazide aikinsu fitar da ruwa ne, shan su da dare neman tashi ne. Likita na iya mayar da su safe, ko wajen la'asar don su kwashe ruwan ƙafa kafin kwanciya. Amlodipine kan kumbura ƙafa. Wasu sababbin magungunan suga ta fitsari suke fitar da sugan. Magungunan mura irin su Actifed da Piriton, da tramadol da kodin, suna iya riƙe wa mai furostet fitsari gaba ɗaya. Kada ka dakatar da maganin hawan jini da kanka, shanyewar ɓarin jiki ta fi tashin dare muni.

Ka faɗi maganar kai tsaye: "Likita, sau huɗu nake tashi, ga awon kwana uku." Abin da za a yi ba shi da yawa: gwajin fitsari, suga kafin karin kumallo (126 mg/dL zuwa sama a gwaji biyu ciwon suga ne), gwajin ƙoda, da sikanin mara kafin fitsari da bayansa don a ga abin da ya rage. Za a iya taɓa furostet da yatsa ta dubura. Na san wannan ne ke hana dattawa da yawa zuwa. Bai kai minti ɗaya ba, kuma kana da damar neman likita namiji. Akwai gwajin jini na PSA, mai auna wani sinadari da furostet ke fitarwa. Hawansa ba ya nufin kansa kai tsaye, girman furostet ko ƙwayar cuta ma na ɗaga shi. Amma kansar furostet ita ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya, baƙar fata sun fi shiga haɗarinta, kuma farkonta shiru take yi. Wanda ya kai 45 zuwa 50, ko mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, ya tayar da zancen da kansa. Babban asibitin gari ya isa a fara. Idan ana buƙatar ƙwararru akwai su a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitin mafitsara na Abubakar Imam a Kano, da Shika a Zariya, da asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da asibitin Lamorde a Yamai.

Magani ya danganta da gidan da kake. Ga furostet, tamsulosin da 'yan'uwansa suna sassauta wuyan mafitsara cikin 'yan kwanaki, sai dai suna sa jiri idan an miƙe da sauri, maniyyi na iya raguwa, kuma mai shirin aikin yanar ido dole ya sanar da likitan ido yana sha. Finasteride na rage girman tsokar amma sai an yi kamar wata 6, yana raba lambar PSA biyu, kuma mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa. Ga mafitsara mai harzuƙa akwai irin su solifenacin, waɗanda ba a ba mutum sai an tabbatar yana juyewa. Desmopressin na rage fitsarin dare kai tsaye, amma yana iya saukar da gishirin jini har a suma, musamman bayan shekara 65, don haka ba a shansa sai da gwajin jini a kai a kai. Tsargiya praziquantel ne maganinta. Idan toshewar ta yi tsanani ana kankare furostet ta cikin bututun fitsari ba tare da an tsaga ciki ba. Gaskiyar da ya kamata a sani: magungunan furostet sun fi gyara ƙarfin fitsari fiye da rage tashin dare, shi ya sa matakan gida ba sa faɗuwa ko an fara ƙwaya.

Game da jarkokin da ake tallatawa da lasifika a tasha da bakin kasuwa, masu wanke mara da sanyi da basir a kwalba ɗaya: ba ka san abin da ke ciki ba, da yawansu ƙara fitsari suke yi, ƙoda ce kuma ke biyan bashin. Haka shan ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta daga kemis ba gwaji.

Idan mahaifinka ne ke fama, na san nauyin baki, balle ga ɗan fari. Ba sai ka ambaci fitsari ba. "Baba, na ga kwana biyu barci ba ya isar ka, mu je a auna suga da jini" ta isa ta kai ku ƙofar likita. Ko ka bi ta wajen amininsa ko ƙaninsa.

Kafin komai ya daidaita

Faɗuwa ita ce haɗarin da ke kusa, karayar ƙugu kuwa takan kwantar da dattijo kwanciyar da ba ya tashi. Ka ajiye tocila a inda hannu zai kai, ka kawar da tabarma mai naɗewa, igiyar caji da bokiti daga hanya, ka sa takalmin da ba ya santsi. Idan ka farka, zauna a bakin gado ka ƙirga goma kafin ka miƙe. Idan banɗakin na can ƙarshen tsakar gida, fo mai murfi ko robar da aka ware a gefen gado ba abin kunya ba ne, musamman da damina ko hunturu. Sanyi kansa na ƙara fitsari, don haka bargo da safa suna rage tashi. Kada ka kunna babbar fitila ko ka buɗe waya, barcin zai gudu.

Bayan wata guda ka sake awon kwana uku ka ajiye takardun biyu gefe da gefe. Abin da za ka fi dubawa shi ne tsawon barcin farko kafin tashin farko; idan ya tashi daga awa biyu ya kai huɗu, jiki zai shaida ko da adadin tashin bai sauko sosai ba. Kawuna, da aka mayar masa da ƙwayar safe, ya bar shayin dare, aka rage magi, ya sauko daga sau uku zuwa ɗaya, wajen ƙarfe huɗu na asuba. Daga nan yake ɗaura alwala.